Tsofaffin fina-finai: wanne za a kalla, kuma wane kwafi za a nema?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Maudu'inmu na wannan mako daga ƙorafin ƙaninmu Nura ya fito. Ya ce matasa na jin manya suna yabon finafinan da, amma in sun sauke ɗaya sun kunna, ba sa kai minti 20 sai su kashe: hoto a dushe, murya kamar daga cikin tulu, fassara ta yi gabas magana ta yi yamma. To ina so mu haɗa abu biyu a zance ɗaya. Wanda zai kawo sunan fim ya faɗi shekararsa da dalilin da ya sa ya cancanci a ɓata masa awa biyu ko uku, sannan ya faɗi wane kwafi ne na kirki, wane ne gurgu. Don Allah kada a tona ƙarshen labari.

Hajiya Ladidi:
Wa alaikumus salam Malam. Ni da Mother India zan buɗe, na 1957, wanda Mehboob Khan ya ba da umarni. Nura, in fim ɗaya kawai za ka kalla daga na Indiyan da, to wannan ne. Labarin bashi ne da gona. Surukar Radha, jarumar labarin, ta ranci rupi 500 na kuɗin Indiya wajen Sukhilala mai ba da bashi da ruwa don a yi bikin ɗanta, daga nan kashi uku cikin huɗu na amfanin gonar ya koma hannunsa duk shekara, uwar kuɗin kuma tana nan ba ta motsa ba. Duk wanda ya san yadda manomi ke cin bashi da bazara ya biya da kaka ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Abin da nake so ka sa wa ido shi ne Nargis, wadda ta fito a Radha. Shekarunta ba su kai 30 ba lokacin, amma ta fito amarya, ta fito uwar 'ya'ya ƙanana, ta fito tsohuwa tukuf, kuma ba kwalliyar fuska ce ta yi aikin ba, tafiyarta ce. Dubi inda take jan garma da kafaɗarta bayan shanu sun tafi: wuyanta ya karkace gefe guda, bakinta a buɗe, ƙafarta na nutsewa cikin laka. Tsawon fim ɗin minti 172 ne. In ka ga an rubuta awa biyu da 'yan mintuna, an yanke shi, kuma waƙoƙi ake fara yankewa. A wannan fim ɗin kuwa waƙa ba hutu ba ce. A cikin waƙa yara ke girma, a cikin waƙa shekaru ke wucewa. Ka cire ta, sai ka ga yaro ɗan shekara shida ya wayi gari da gashin baki ba ka san ta ina ba.

Nura:
Na gode Hajiya. Amma wanda na samu a YouTube mutanen duk gajeru ne masu faɗi, har Nargis ɗin. Haka aka ɗauke shi ne?

Injiniya Sani:
A'a Nura, miƙe shi aka yi. Bari in warware wannan tun yanzu don zai yi ta dawowa a kowane fim da za a ambata.

Kafin tsakiyar shekarun 1950, kusan duk fim na duniya hotonsa ya kusa zama murabba'i, faɗi 4 tsayi 3. A Indiya ma an ci gaba da haka har bayan nan da daɗewa. Talabijin ɗinka da wayarka kuwa 16 da 9 ne. Idan aka ɗora hoton 4 da 3 a kansu yadda ya dace, dole a ga baƙin shafi a dama da hagu. Wannan baƙin ba matsala ba ne, shi ne shaidar cewa ba a taɓa hoton ba. Masu ɗorawa a intanet ba sa son ganinsa, sai su yi ɗayan biyu. Ko dai su ja hoton gefe da gefe, ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, shi ne ka ga mutane sun yi faɗi, wata ya koma kamar ƙwai. Ko kuma su zuƙo shi har ya cika allon, sai kashi 25 cikin 100 na hoton ya tafi ta sama da ƙasa, kawunan mutane su gutsure, ƙafar mai rawa ta ɓace.

Na farkon yana gyaruwa. A manhajar kunna bidiyo ta VLC a kwamfuta danna harafin A, zai riƙa sauya girman hoto, ka tsaya a 4:3. A waya ma akwai alamar sauya girman hoto a cikin VLC ko MX Player. A talabijin shiga saitin hoto ta rimot ka zaɓi 4:3 ko girman asali. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka nemi wani abu mai da'ira a cikin fim ɗin, tayar keke ko faranti ko wata. In ya zagaye daidai, ka daidaita. Na biyun kuwa ba shi da magani, abin da aka yanke ya tafi, sai dai ka nemi wani kwafin.

Akwai kuma akasin haka. Fim mai faɗi sosai, irin 2.35 da 1, idan aka matse shi don tsohon talabijin na zamanin kaset, kusan kashi 43 cikin 100 na hoton ake zubarwa. Shi ya sa za ka ga mutum na magana da wanda ba a gani, sai hancinsa kawai a bakin allo.

Malam Isiyaku:
Injiniya ya kawo mu kan Sholay kai tsaye, don babu fim ɗin da wannan magana ta fi shafa. An sake shi ranar 15 ga Agusta 1975, Ramesh Sippy ne darakta, an ɗauki ƙauyen a cikin duwatsun Ramanagara kusa da Bangalo. Da fim mai milimita 35 aka ɗauke shi, sannan aka faɗaɗa shi zuwa milimita 70 don manyan silima, wato an rage sama da ƙasa da gangan. Saboda haka kwafi iri biyu ke yawo, kuma kowanne na gaske ne. Akwai mai faɗi, minti 198, shi ne wanda hukumar tace finafinai ta Indiya ta amince da shi. Akwai kuma mai minti 204, wanda ya fito a faifai da hoton 4 da 3, yana ɗauke da ƙarshen da daraktan ya fara ɗauka kafin hukumar ta ce ya yi tsanani a sauya. Ba zan faɗi bambancin ba tunda Malam Habu ya hana. Amma zan ce wanda ya kalli mai 204 zai fi gane dalilin da ya sa aka daɗe ana nuna takalmin Thakur, tsohon ɗan sandan da ke cikin labarin.

Abin kallo a Sholay ba faɗan ba ne kawai. Ku lura da yadda ake shigo da Gabbar Singh, shugaban 'yan fashin: kafin a ga fuskarsa sai an ji takun takalminsa a kan dutse da bel ɗin harsashi yana jan ƙasa, kyamara na bin ƙafarsa, yaransa uku a tsaye kai a sunkuye. Amjad Khan da ya fito a Gabbar sabon shiga ne a lokacin. Duk wani bos da aka yi bayansa, a can da nan gida, ya ɗebi wani abu daga wannan fitowar.

Hajiya Ladidi:
Malam Isiyaku ban ƙi taka ba, amma ina da ja. Duk inda aka ce tsohon fim ɗin Indiya sai a ce Sholay, kamar daga shi aka fara. A wajen iya ɗaukar hoto bai kama ƙafar na Guru Dutt ba. Pyaasa na 1957 da Kaagaz Ke Phool na 1959, duka baƙi da fari, duka V. K. Murthy ne ya riƙe kyamara. Na biyun shi ne fim na farko a Indiya da aka ɗauka da faffaɗan hoton CinemaScope. Akwai inda haske ɗaya ke saukowa daga rufin ɗakin ɗaukar fim kamar sanda, mutum biyu na tsaye nesa da juna, ɗaya a wannan gefen allo ɗaya a wancan. In aka ba ka kwafin da aka matse, ɗayansu ba ya ciki, ma'anar wurin ta mutu ke nan.

Mughal-e-Azam na 1960 kuma ku yi hattara da shi. Asalinsa baƙi da fari ne, sai 'yan wurare kaɗan masu kala, ciki har da rawar Madhubala a ɗakin madubai. Hikimar ita ce ido ya saba da baƙi da fari sama da awa guda, sai kwatsam kala ta buɗe. A 2004 aka shafa wa duka fim ɗin kala da kwamfuta, aka kuma rage masa kusan minti 20. Shi ne ya fi yawo yanzu. Ba laifi a kalle shi, amma wancan bugun zuciyar da ake ji idan kala ta shigo babu shi a ciki. Na asalin minti 197 ne.

Mamman Maraɗi:
Salamu alaikum. Jama'a kun yi nisa a Indiya kun bar gida. Na san dalili, tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori ke kawo finafinan Indiya silimomin Kano da sauran birane, ido ya saba. Amma akwai namu da yawancin matasa ko sunansu ba su taɓa ji ba.

Na farko Sarraounia, na 1986, wanda Med Hondo ɗan Muritaniya ya yi daga littafin Abdoulaye Mamani ɗan Nijar. Labarin Sarauniyar Lugu ne a ƙasar Arewa ta Nijar, wajen Dogon Dutsi, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. Rundunar nan ita ce ta yi ɓarnar Birnin Ƙonni, kuma a Yulin shekarar sojojinsu da kansu suka kashe shugabannin biyu a yankin Tasawa. Fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1987. Abu biyu ku sani kafin ku kalla. A Burkina Faso aka ɗauke shi, Aï Keïta da ta fito a Sarauniya ma 'yar can ce, saboda haka kada ku sa ran jin Hausar Arewa, sai da rubutun fassara. Sannan rabin fim ɗin na biyu ya fi bin rundunar yadda take ruɓewa daga ciki fiye da ita Sarauniyar. Wanda ya zo kallon yaƙi daga farko har ƙarshe zai ga kamar an ja shi, alhali nan ne ƙarfin fim ɗin yake.

Na biyu Oumarou Ganda, mai shirya fim ɗan Nijar. Shi tsohon sojan Faransa ne da ya yi yaƙin Indocin, ya dawo ya yi dako a tashar jirgin ruwan Abijan, a can Jean Rouch, mai shirya fim ɗan Faransa, ya sa shi a fim ɗinsa Moi, un noir. Cabascabo, fim ɗin da Ganda ya yi a 1969, minti 45 ne kacal: tsohon soja ya dawo gida da kuɗin sallama, abokai da maroƙa suka taya shi cinyewa, ya koma neman aikin lebura. Le Wazzou polygame ɗinsa ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO a 1972. Sai Moustapha Alassane da Le Retour d'un aventurier na 1966, wajen rabin awa, inda saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye. Gajeru ne duka, mai ƙaramin data ma zai iya.

Malam Habu:
Madalla Mamman. Ni kuma in ƙara da Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a Shaihun. Da Hausa aka yi shi, a kan fim na silima ba kaset ba, minti 142. An daɗe ana ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano nagatif ɗinsa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Wanda ya karanta littafin a makaranta ya san tafiyar, daga Kagara har ƙetaren hamada, da uwa mai bin sawun ɗanta. Fim ne mai tafiya a hankali, kyamara na tsayawa ta bar mutane su gaisa gaisuwa cikakkiya, su zauna, su yi shiru. Ga mai son ganin sutura da zaman fada da yadda ake furta Hausa kafin zamanin bidiyo, ban san wani da ya kai shi ba. In an samu gyararren ne ake so, launinsa ya dawo daidai.

Anti Zulai:
Yaya Habu, kada a manta da na Moustapha Akkad guda biyu, don su ne za a iya kunnawa a falo da yara da surukai ba a sunkuyar da kai ba. The Message, wato Ar-Risala, na 1976, sau biyu aka ɗauke shi a lokaci guda a Maroko da Libiya. A gama fitowa da 'yan wasan Turanci, sai na Larabci su shiga wuri ɗaya su maimaita. A na Turanci Anthony Quinn ne Sayyidina Hamza, Irene Papas ce Hindu. A na Larabci Abdullah Gaith da Muna Wassef ne. Ba fassarar juna ba ne, finafinai biyu ne, kuma na Larabcin ya fi tsawo da kusan rabin awa. A nan mutane ke faɗawa rami: su sauke na Larabci, su ɗora masa rubutun fassarar na Turanci, sai su ga ba abin da ya hau. Ba zai taɓa hawa ba. Ba a nuna Annabi (SAW) ba, ba a ji muryarsa ba, haka ma halifofi huɗu.

Lion of the Desert kuma labarin Umar Mukhtar ne, malamin makarantar allo da ya yi shekara 20 yana yaƙar Italiya a Libiya har suka rataye shi ranar 16 ga Satumba 1931. Ana nuna wayar ƙaya da Graziani, janar ɗin Italiya, ya shimfiɗa a kan iyakar Masar don yanke wa mayaƙan abinci da makami, wadda a tarihi ta kai kusan kilomita 270, da sansanonin da aka tsare mutanen karkara. Wannan kam akwai wuraren da suka yi wa ƙananan yara nauyi. Duka biyun faffaɗan hoto ne, saboda haka ku nemi mai baƙin shafi a sama da ƙasa.

Nura:
Anti wannan matsalar fassarar ita ta fi damuna. Wani lokacin farko tana daidai, can gaba sai ta riga magana ko ta makara sosai.

Injiniya Sani:
Cuta biyu ce daban, kuma maganinsu daban, Nura.

In tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, misali kullum rubutu na riga baki da daƙiƙa 2, wannan mai sauƙi ne. A VLC harafin G da H ke matsar da rubutu baya ko gaba, kowane dannawa kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa, wato daƙiƙa 2 dannawa 40 ke nan. In murya ce ba ta hau baki ba, J da K.

In kuwa tazarar ƙaruwa take yi, to gudun fim ɗin ne ya bambanta. Fim na silima hoto 24 yake gudu a daƙiƙa. Talabijin irin namu da na Turai da Indiya, tsarin PAL, 25 yake gudu. Da za a mai da fim kaset ko DVD na PAL, sai kawai a ƙara masa gudu da kashi 4 cikin 100. Fim mai minti 180 ya koma 173 ba tare da an yanke komai ba, muryoyi kuma su ɗan sirance. Idan rubutun fassararka an yi shi don mai 25 ne, kai kuma kana da mai 24, duk minti ɗaya za su rabu da kusan daƙiƙa 2 da rabi. Bayan minti 10 tazarar ta kai daƙiƙa 25. G da H ba za su yi maka komai ba. Buɗe fayil ɗin a manhajar Subtitle Edit, kyauta ce, ka zaɓi sauya gudun hoto daga 25 zuwa 23.976 ko akasin haka, ka adana. In bayan haka ya yi daidai na wani lokaci sannan ya yi tsalle gaba ɗaya, kwafinka an cire masa wata fitowa ko waƙa, sai ka nemi fassarar da aka yi don shi.

Wannan lissafin na kashi 4 yana da amfani wajen gane yankakken kwafi. Hajiya ta ce Mother India 172 ne. In ka ga 165, gudun PAL ne, cikakke ne. In ka ga 140, an yi masa aski.

Sai girman fayil. Megabit ɗaya a daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa. Fim na awa uku da aka matse cikin megabait 300 bai kai rubu'in megabit ba, kuma tsohon fim yana da ɗigo-ɗigo na asali da ke buƙatar wuri, in aka matse shi sai fuskoki su zama kamar an shafa musu man kaɗe, duhu ya farfashe gida-gida. Don waya a nemi aƙalla gigabait 1 zuwa 1 da rabi, don talabijin 2 da rabi zuwa sama. In filas ta ƙi karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, tsarinta FAT32 ne, a mai da ita exFAT bayan an kwashe abin da ke ciki, don gogewa zai yi. In rubutun allo ko lambar mota sun fito a juye, ko muryar kowa ta yi kama da ta yaro, mai ɗorawa ne ya juya hoton ya sauya sauti don ya ɓoye wa masu haƙƙin mallaka, a bar shi. Da dama daga kamfanonin da ke da haƙƙin tsofaffin finafinan Indiya, irin Shemaroo da Ultra, suna da tashoshinsu a YouTube, can ya kamata a fara dubawa. Kuma a kashe saitin nan na talabijin mai santsin motsi, Samsung na kiransa Auto Motion Plus, LG kuma TruMotion. Ƙirƙiro hotuna yake yi yana cusawa tsakanin na gaske, shi ke sa fim ya koma kamar wasan kwaikwayon talabijin.

Malam Isiyaku:
Allah ya saka Injiniya. Da wannan ma'aunin sai a auna Seven Samurai na Kurosawa, na 1954. Cikakkensa minti 207 ne, amma an yi ta yawo da yankakku masu 160 da ƙasa da haka. Ƙauyen manoma ne ya ɗauki hayar mayaƙa bakwai da ladan abinci kawai don su kare shi daga 'yan fashi 40. Daga shi aka yi The Magnificent Seven a 1960, kuma wanda ya san Sholay zai ga dangantakar. Abin da ake yankewa shi ne shirin yaƙin: zagaya ƙauye, zana taswira, inda za a cika da ruwa, inda za a yi shinge, ƙofa ɗaya da aka bari a buɗe da gangan don a riƙa shigo da mahaya ɗaya-ɗaya. Shugabansu na da takarda mai da'ira 40, duk wanda aka kashe sai ya soke ɗaya. In babu wannan, yaƙin ƙarshe cikin ruwan sama hayaniya ce kawai.

Ga masu son na Sin kuma, The 36th Chamber of Shaolin na 1978, da muryar asali da rubutun fassara in an samu. Shi ma faffaɗa ne, a matsattsen kwafi abokin faɗan yakan fita daga allo.

Anti Zulai:
Ina da tambaya ga Yaya Habu. Namu na kaset fa, irin Turmin Danya na 1990 da su Sangaya? Suna cikin wannan sahu ko kuwa?

Hajiya Ladidi:
Zulai ni a ganina a bambanta. Tsufa daban, nagarta daban. Da yawansu kyamara ɗaya ce, sauti na kyamarar ne, iska na busawa cikin magana. Suna da daraja ta tarihi, amma ba zan ce wa Nura ya ajiye su kusa da Pyaasa ba.

Malam Habu:
Hajiya a nan mun rabu. Ba da kayan aiki ake auna wannan ba. Cabascabo da Mamman ya kawo ma da ƙaramar kyamara aka yi shi. Abin tambaya shi ne ko fim ya buɗe hanyar da wasu suka bi, kuma ko yana riƙe mai kallo har yau. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa daga shi ake fara lissafin finafinan bidiyo na Kano, Sangaya kuma shi ya kafa salon waƙa da kiɗan fiyano da ya mamaye shekarun da suka biyo baya. Na yarda ba duka ne za su tsallake ba. Damuwata ita ce kafin mu gama gardamar wanne ya cancanta, kaset ɗin sun mutu. Indiya da duk ƙarfin masana'antarta ta rasa Alam Ara, fim ɗinta na farko mai magana na 1931, ko kwafi ɗaya babu. Injiniya, wanda ke da kwali cike da kaset a ɗaki me zai yi?

Injiniya Sani:
Kada ya fara da kunnawa, Malam. Ya fara da dubawa ta tagar kaset ɗin. In ya ga fari-fari kamar gari ko zaren gizo a gefen naɗin, hunhuna ce, laimar damina ke kawo ta. Wannan a ware shi a leda shi kaɗai, don in ya shiga na'ura zai toshe hed nan take ya kuma shafa wa na bayansa. Masu tsabta kuma a karya ɗan harshen nan na bayansu don kada a danna rikodin bisa kuskure, a tura su gaba har ƙarshe a dawo da su sau ɗaya, naɗin ya saki.

Na'urar ma a gwada ta da kaset marar amfani tukuna. Tun 2016 Funai, kamfani na ƙarshe mai ƙera su, ya daina, duk wadda za a samu tsohuwa ce, bel ɗinta da robar da ke jan zare sun bushe, su ke sa ta tauna kaset. Hed kuma da sifirit mai ƙarfin kashi 90 zuwa sama ake goge shi, a jiƙa farar takarda, a dafa ta a jikin gangar a juya gangar da yatsa a hankali. Ba a sa auduga, zarenta na maƙalewa ya karya hed ɗin, kuma ba a gogawa sama da ƙasa.

Daga nan sai ƙaramar na'urar ɗauka mai USB, wayar rawaya ta hoto, fara da ja na sauti. A saita ta a PAL, 720 da 576, hoto 25. In hoton ya fito baƙi da fari ko yana birgima, an bar ta a NTSC ne, tsarin talabijin na Amurka. In layi-layi na yawo a ƙasa ko tsakiya, a daidaita tirakin da rimot. Kaset na awa uku awa uku zai ci, ba a gaggauta shi, saboda haka a tanadi wutar da ba za ta yanke ba. A ɗauka da nauyi, in tsarin DV ne wajen gigabait 13 a awa, a ajiye wannan a matsayin uwa a wuri biyu daban, sannan a matso ƙarami don waya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka kai tsaye a ƙaramin fayil, a miƙe shi ya cika allo, a manna masa suna da lambar waya a tsakiya, sannan a jefar da kaset ɗin.

Na faifan VCD ya fi sauƙi. Ba a buƙatar ɗauka. A sa shi a kwamfuta, a buɗe jakar MPEGAV, a kwafe fayilolin da ke ƙarewa da DAT yadda suke, VLC na buɗe su. Hotonsu 352 da 288 ne, ba abin da zai ƙara masa kyau, sake matse shi rage shi kawai zai yi. In faifan ya karce yana tsayawa, a wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, a goge daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, a gwada wata kwamfutar kafin a fid da rai. Kaset kuma a jera su a tsaye cikin kwalinsu, nesa da lasifika da rana, ba a ƙasa ba inda laima ke tashi.

Mamman Maraɗi:
In ƙara ɗaya kafin a rufe, Mandabi na Ousmane Sembène, 1968, da Wolof. Dattijo a Dakar ɗan 'yar'uwarsa ya aiko masa da takardar kuɗi daga Faris. Gidan waya suka ce sai da katin shaida, katin shaida sai da takardar haihuwa da hoto, kafin ya karɓi ko sisi unguwa duk ta ji labari, masu rance sun yi layi, matansa biyu sun riga sun ci bashin shinkafa a kan kuɗin. Wajen minti 90 ne, kuma an gyara shi, kwafi mai kyau na samuwa.

Nura:
Na rubuta duka. Da wanne zan fara, Malam?

Malam Habu:
Fara da Mandabi, gajere ne kuma ba zai ba ka wahala ba. Sai Sholay mai 204, sai Mother India. Seven Samurai da Shaihu Umar ka bar su sai ranar da ba ka da aiki washegari, kuma masu awa uku ka raba su a inda aka rubuta hutun rabin lokaci, don a nan masu fim ɗin suka tsara a tsaya. Kafin ka sauke kowanne, duba mintunansa ka gwada da waɗanda aka faɗa a nan. Zulai, ke kuma ki tambayi Injiniya ta akwatin sirri irin na'urar ɗaukar da za a saya, mako mai zuwa mu ɗauki maganar kaset ɗin ita kaɗai.